Majigin da Ya Jira Almakashi

Shekara bakwai na yi ina koyar da kemistiri a wata makarantar matan aure a cikin garin Daura, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ɗaga kwalbar gwaji ko ɗaya a gaban aji ba. Alli ne da baki. In zana kwalba a allo, in zana ruwa a cikinta, in juyo in ce wa mata talatin, "To, ku ɗauka wannan ruwan ya sauya launi." Su kuma su gyaɗa kai, don ba sa son su ɓata mini rai. Dama an san ni da zafi. Ban musa ba, gadonsa na yi wajen kakata, wadda in ta tashi faɗa a tsakar gida ana jiyo ta daga bakin rijiyar Kusugu.

Makarantar ta samu ne a shekarun da aka dawo da shari'a a jiharmu. Neman ilmi ya motsa wa mutane, mazan da a da ko zancen boko ba sa son matansu su yi suka sassauto, bisa sharaɗin malamai duk mata ne, kuma akwai katanga da ƙofa. Sai wasu mutanen unguwa suka haɗu suka kafa ta. Aji huɗu, ofis ɗaya, randa biyu a gindin darbejiya. Ɗakin gwaji kuwa babu shi babu dalilinsa. In jarrabawar fita sakandare ta zo, sai a kwashi ɗalibanmu zuwa wata makarantar da ke da ɗakin, su yi gwajin hannu a can. Ranar ce za su fara taɓa kayan, ita ce kuma ta ƙarshe. Na sha zuwa neman a ara mana ɗakin ko na yini guda, ana ce mini sinadaran da ke akwai na jarrabawa ne, ba na koyo ba.

A shekarar da nake ba da labari akwai wata ɗaliba a ajin ƙarshe da muke kira 'yar Babban Mutum, don can ne garinsu, wajen Baure, kusa da iyaka. 'Ya'yanta huɗu, shekarunta sun kai talatin, mijinta dillalin shanu ne. Mahaifiyarta ungozoma ce ta gargajiya, rabin unguwarsu a hannunta aka haife su, amma ido ya fara gaza mata. Burin 'yar shi ne ta shiga makarantar ungozoma ta zamani, ta koma gida ta karɓi uwar. Sauran darussa tana da su tun zaman jarrabawar da ta yi a baya. Kemistiri kaɗai ya tsaya mata a maƙoshi, kuma kiredit ake nema, ba fas ba.

Lokaci ma ba nata ba ne. Surukinta ya tsufa, mijin zai tattara iyali bayan damina ya koma Babban Mutum ya riƙe gida da gona. Sun yi magana ta fahimta: in ta ci, ta tafi karatu, ƙanwarsa ta riƙe yaran. In ba ta ci ba, ta bi shi, a can kuwa babu inda za ta sake zaman jarrabawa. Ban ga laifin mutumin ba, shekara uku yana ajiye ta a ƙofar makaranta a bayan babur kafin ya wuce kara. Ita da kanta ta zayyana mini duk wannan wata rana a gindin darbejiya, ta ƙare da cewa, "Malama, ashana ɗaya ta rage mini a kwali."

A takarda ba ta da sauri. Lissafi yana wahalar da ita, sai ta yi ta cizon biro. Amma hannunta da idonta, tubarkalla. Mace ce da za ta dubi tukunya ta gaya miki gishirin da ya rage. Don haka na sa raina a kan gwajin hannu, na ce shi zai ɗaga ta.

Gwajin ba wani abu ba ne mai wuya in mutum ya taɓa gani. Akwai dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, muna ce masa buret. A cika shi da ruwa mai tsami. A ƙarƙashinsa a ajiye kwalba da wani ruwan, wanda aka ɗiga wa maganin alama ya zama ruwan ɗorawa. Sai a buɗe famfo, ruwan sama ya riƙa ɗiga ana kaɗa kwalbar. Akwai ɗigo ɗaya tak da zai sauka launin ya juya zuwa ruwan goro mai haske. Nan ake rufe famfo a karanta lamba. In an wuce wannan ɗigon, lambar ta lalace, duk lissafin da ke biye da ita ma ya lalace. Wannan ɗigon nake ta ƙoƙarin nuna wa mata da farin alli a kan baƙin allo.

Ana cikin haka, farkon zango na biyu, sai ga mota ta tsaya a ƙofar makaranta. Wani ɗan siyasa ɗan yankinmu, wanda kowa ke kira Onarabul, ya aiko mana da kyauta: majigi, na'urar faifai, lasifika biyu, farin ƙyalle na rataya a bango, ƙaramin janareto, da faya-fayen darussan kimiyya. Mai haɗa kayan ya shiga ofishin shugabarmu ya jona komai don ya tabbatar suna aiki. Muka tsaya mu malamai muna kallo. Ya ɗauki faifai ɗaya ya saka, sai ga hannun wata mata a bango, ga buret, ga kwalba, ga ɗigo yana sauka ƙato kamar ƙwan zabo. Launi ya juya, hannu ya rufe famfo.

Wallahi sai da na dafa teburi. Na ce, "Hajiya, shi ne! Abin da nake ta fama da shi ke nan shekara da shekaru. Gobe-goben nan zan kai shi aji."

Hajiya ita ce shugabar makarantar, dattijuwa ce mai sanyin magana, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Gobe kuma, Malama? Ai ba a ƙaddamar ba."

Ina tsaye aka mai da komai cikin kwali, har faifan da na gani. Aka naɗe da salatif, aka ɗaura jan ƙyalle aka yi masa fure a sama. Hajiya ta sa aka ɗora kwalin a babban kabad na ofis, ta kawo wani farin leshi daga gida ta lulluɓa masa, kamar jeren amarya. Ta kulle, ta jefa makullin a jaka. Onarabul zai zo da kansa nan da mako biyu ya yanka ƙyalle, in ji ta, daga nan kowa ya yi ta kallo har ya gaji.

Na ce mako biyu ba komai ba ne. Jarrabawa saura wata huɗu.

Ranar ta zo. Muka sa mata suka share fili, suka wanke hijabai, aka yi hayar kujeru, aka dafa shinkafa. Sai azahar aka aiko cewa an yi wa Onarabul rasuwa. Muka ce Allah ya jiƙan musulmi, muka cinye shinkafar. Aka sa wata ranar bayan wata guda. Ita ma aka share fili, aka aiko cewa an kira shi Abuja da gaggawa. Ta uku ko dalili ba a ba mu ba, direbansa ne ya zo ya ce a ƙara haƙuri. Darasi uku na rasa a sharar fili saboda na'urar da aka kawo don darasi.

Na bi Hajiya ta lalama tukuna, kada a ce ban yi ba. Na same ta ita kaɗai na ce, "Ranki ya daɗe, ba majigin nake so ba. Faifai ɗaya za ki ba ni. Akwai na'ura a gidana, in kai matan nan goma-goma su gani a talabijin, in dawo da shi kafin la'asar. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ni zan sani. Kwali ɗaya aka kawo a ɗaure, a ɗaure mai shi zai tarar da shi."

"Ai an riga an buɗe shi, Hajiya. A gabanki aka buɗe."

"Wanda ya aiko ne ya buɗe, ba mu ba."

Sai ta ba ni labarin da ya sa. Shekarun baya, wani Alhaji ya ba makarantar bencina. Lokacin mata a tabarma suke zama, har da masu tsohon ciki, sai ta ji tausayi ta ce su hau. Da ya zo da jama'arsa da mai ɗaukar hoto, ya tarar an zauna a kai, wani ma da shatin fitsarin jariri. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe kun riga kun ƙaddamar." Rufin kwanon da ya yi alkawari na aji biyu bai zo ba har yau. Damina biyu suka yi suna tara ruwa da bahuna a cikin aji.

"Makarantar nan da alherin mutane take tsaye," in ji ta. "Mai kyauta yana son ya ga abinsa sabo a hannunsa, ya miƙa a gaban jama'a. In kin hana shi wannan, kin hana shi abin da ya saya."

Na fahimce ta, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Amma fahimta ba ta hana ni jin haushi ba. Kullum in na shiga ofis ɗaukar alli sai na ga gefen leshin nan ta tsagar kabad.

Laifina na farko a taron malamai na yi shi. Hajiya tana karanta yadda za a tsara zama in Onarabul ya zo, wa zai riƙe faranti, wa zai miƙa almakashi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Haba Hajiya! Wai mu makaranta muke yi ko ajiyar kayan lefe? Mata suna barin girki da goyo suna zuwa nan, ga abin da zai fisshe su a kulle, muna jiran almakashi! In bai zo ba sai bayan shekara fa? Gara ta ci?"

Malamar Hausa ta ja mini gefen hijabi. Hajiya ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Mai haƙuri yakan dafa dutse, Malama."

Na ce, "Ya sha romonsa bayan an gama jarrabawa!"

Ta mai da tabarau ta ci gaba da karatunta. Amma na san na rufe ƙofar da hannuna. Abin da wataƙila za ta iya yi mini a ɓoye, yanzu ba za ta yi ba, don kada a ce tsawa na yi mata ta ba ni. Baki shi ke yanka wuya, kakata ma da na gada ta sha faɗa mini.

Da na ga babu sarki sai Allah, na koma madafi. Kowace mace ta san in aka jefa kanwa a zoɓo yakan yi duhu, ya koma kore-kore baƙi-baƙi, in kuma aka matsa lemon tsami ya dawo ja. Na ce to ai wannan shi ne gwajin. Na dafa zoɓo, na jiƙa kanwa, na matse lemo, na sayi manyan sirinji a kemis su tsaya a matsayin buret, na tattaro kofunan gilashi na gidana. Na shiga aji da su a cikin kwando.

Ranar ajin ya kaure. Mata suna ɗiga lemo suna kaɗa kofi, zoɓo yana tashi daga duhu yana komawa ja jawur, suna shewa. Wata ta ce, "Ashe kemistiri muke yi a gida ba mu sani ba!" 'Yar Babban Mutum ta fi kowa. Hannunta ba ya rawa, idonta ba ya barin kofin, kuma sau uku in ta yi, lambarta a wuri ɗaya take tsayawa. Na riƙa ɗaga kofinta ina cewa, "Ku dubi nan. Haka ake yi."

Na gaya musu da baki cewa na jarrabawa ba zai yi ja haka ba, daga ruwan ɗorawa zai koma ruwan goro. Na rubuta a allo ma. Sau ɗaya ko sau biyu na faɗa. Zoɓon kuwa mako shida muna yi, duk Talata da Alhamis. Kuma in faɗi gaskiya, daɗin kaina nake ji. Har na riƙa wucewa ta ƙofar ofis da kwandona ina ɗaga murya, don Hajiya ta ji cewa ko babu majiginta muna yi.

Saura kwana tara jarrabawa, aka yi wa Hajiya rasuwar yayanta a Katsina. Da safe ta shigo a gurguje, idonta jawur. Ta kira ni ofis. Na yi mata ta'aziyya. Ta buɗe jaka ta ciro makullan makaranta gaba ɗaya, na ƙofa, na ofis, na kabad, ta sa mini a tafin hannu ta rufe da nata.

"Sai an yi sadakar uku zan dawo," ta ce. "Ke na ba, Malama. Zafi gare ki, amma ba ki da ha'inci."

Kai, matar nan ta san ni! Da ta ce kada ki buɗe kabad, da tana fita zan buɗe. Ba ta ce ba.

Da la'asar na tarar da maigidana yana shirin fita Islamiyyar da yake koyarwa. Na zube masa maganar, ina so ya ce mini lalura ce, ilmi ya fi ƙyalle. Ya saurara har na gama, ya ce, "Kin san abin da ta ba ki lokacin da kika karɓa. Da kin ga ba za ki iya ba, da tun a hannu kin faɗa mata."

Na ce, "Malam, fatawa na tambaye ka ko faɗa?"

Ya ce, "Ba ki tambaye ni fatawa ba, abokin laifi kike nema." Ya sa takalmi ya fita. Ranar tuwonsa da gudaji ya ci shi.

Washegari bayan an tashi na shiga ofis na tura ƙofa. Na sa makulli a kabad na murɗa. Ga kwali, ga leshi, ga jan fure ya fara kwanciya saboda zafi. Na ɗaga leshin. Salatif ɗin ma ya saki ta gefe ɗaya, da ɗan yatsa zan ɗaga. Na san inda faifan yake, na uku daga sama, mai shuɗin bango. Minti goma kacal yake ɗauka. Na tsaya a nan har na ji kiran sallar la'asar.

Na mai da leshin na kulle.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina amana ce ta hana ni. Akwai amana a ciki, ban ce babu ba. Amma akwai tsoron kada Hajiya ta dawo ta ga salatif ya motsa, malamai su ce dama mun faɗa. Akwai kuma girman kai. Na ce a raina, me faifan zai ƙara musu? Ai na riga na nuna musu da zoɓo, sun gani da idonsu, sun yi da hannunsu. Da Hajiya ta dawo na miƙa mata makullanta, ta ce Allah ya yi mini albarka, ni kuma na ji kamar na ci wata jarrabawa.

Ranar gwajin hannu muka raka su makarantar da ke da ɗakin. Ba a barin malamai su shiga, sai muka zauna a inuwar katanga. Da suka fito na tari 'yar Babban Mutum tun daga nesa. Tana murmushi.

"Yaya?"

"Alhamdulillahi, Malama. Sau uku na yi, duka ukun lambar kusan ɗaya. Ya ɗan yi mini gardama da farko, amma na bi shi a hankali."

Na rungume ta. Ban tambaye ta wace irin gardama ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan Onarabul ya zo. Da gaske wannan karon, da motoci shida da mai ɗaukar hoto. An kira har 'yan ajin ƙarshe da suka gama, don fili ya cika. Aka toshe tagogin babban aji da barguna saboda hasken rana, aka jera manyan baƙi a gaba, ɗalibai a baya cikin fararen hijabai. Zafi kamar gidan burodi. Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Onarabul mutum ne mai fara'a, ya ce ilmin mace ilmin al'umma ne, aka tafa. Malamar Hausa ta miƙa almakashi a faranti. Ya yanka jan ƙyallen, mai hoto ya ce bai ɗauka da kyau ba, aka ƙulla ya sake yankawa.

Janareto ya tashi. Hajiya ta waiwayo ta neme ni da ido, ta ce a gaban kowa, "Malama, zo ki zaɓi wanda za a fara nunawa. Ai ke kika fi kowa ƙagara." Sulhu take nema, na sani. Na je na zaro na uku daga sama, mai shuɗin bango. Da na san abin da zai biyo baya, da na zaɓi na tsirrai.

Hannun matar nan ya fito a farin ƙyalle. Buret, kwalba, ruwan ɗorawa. Ɗalibaina suka miƙa wuya, sun gane kayan. Ɗigo yana sauka, hannu yana kaɗawa. Ɗigo. Ɗigo. Sai launin ya juya, ɗan juyi kaɗan, ruwan goro mai haske. Hannu ya rufe famfo. Muryar da ke cikin lasifika ta ce a nan ake tsayawa. Don a nuna kuskure, sai hannun ya sake buɗewa ya bar ruwa ya zuba, kwalbar ta yi ja, aka sa babban kuros na kuskure a kanta.

Daga baya na ji murya, ba da ƙarfi ba, amma ɗakin shiru yake.

"Malama."

Na juya. 'Yar Babban Mutum ce a tsaye, hasken majigi ya kama gefen hijabinta.

"Malama, a na farkon ake tsayawa?"

Na gyaɗa kai.

"Na gan shi," ta ce. "Wallahi na gan shi, sau uku. Na ɗauka bai nuna ba ne. Na yi ta ƙarawa ina jiran ya yi kamar namu."

Wasu mata uku ko huɗu a gefenta suka sunkuyar da kai, na san su ma haka suka yi. Onarabul bai ji abin da ta ce ba, ya ga dai ɗaliba ta miƙe tana tambaya. Ya juyo da fara'a ya ce, "Kun gani ko? Tun yanzu har ya fara aiki!" Aka tafa. Hajiya ba ta tafa ba. Ta ji, kuma ta gane, na ga hannunta ya kama bakin kujera.

Ni da ake jin muryata daga ƙofar makaranta, ranar ko uffan ban ce ba. Wa zan yi wa faɗan? Na fita na tsaya a gindin darbejiya kusa da janareto, inda ƙara ba za ta bari a ji ni ba. Gani ya kori ji, haka muke faɗa kullum. Na faɗa musu ruwan goro da baki sau biyu, na nuna musu ja da ido mako shida.

Sakamako ya fito bayan damina. Fas ta samu.

Majigin kuwa ya yi aiki, kada in yi masa ƙarya. Shekara uku ina nuna faifan nan ga kowane aji, tun makon farko, kafin ƙwan majigin ya mutu aka rasa inda ake sayarwa. Cikin waɗanda suka gani akwai biyu da suke aikin asibiti yanzu. Zoɓo ban sake kai shi aji ba.

Ana gobe za su tashi ta zo gidana sallama, da hantsi, da ƙaramin ɗanta a baya. Ta kawo mini busasshen zoɓo cike da leda, ta ce na gonar mahaifiyarta ne, ya fi na kasuwa ja. Ba da wata manufa ta kawo ba, abin da take da shi ke nan. Muka zauna a tabarma. Ta ce tsohuwar ta ce ta zo ta koya mata abin da ta sani tun idon bai rufe gaba ɗaya ba, ko ba takarda a karɓi haihuwa. Na fara cewa ta yafe mini, zoɓon nan ni na kawo shi. Ta katse ni.

"Haba Malama, ke da kika yi ta faɗa saboda mu? Duk makaranta an san abin da kika gaya wa Hajiya. Kin yi iyakar yinki. Ai makullin ba a hannunki yake ba."

Na dubi ledar zoɓon da ke gabana. Yaron ya motsa a bayanta, ta jijjiga shi. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ƙarfe nawa motar tasu za ta tashi.